Idan injunan jirgi suka mutu a samaniyar Kano, ina zai sauka?

Ma'aikacin da ya daɗe a Bompai ba ya ɗaga kai idan jirgi ya wuce. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano maƙwabcinsa ne, tsakaninsu 'yan kilomitoci ne kawai, kuma rugugin jirgi ya daɗe da gauraya da sauran hayaniyar unguwar, ta janareto da ta tireloli masu jiran lodi. Mutanen Sharaɗa da Challawa su ma suna ganin jiragen kudu suna giftawa ta samansu, sun riga sun yi nisa da ƙasa. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu abin da zai faru idan wannan rugugin ya ɗauke baki ɗaya, alhali jirgin na ɗauke da mutum ɗari da wani abu, kuma ƙarƙashinsa gidajen jama'a ne.

Kano ta taɓa ganin amsar da idonta.

Asabar ɗin Gwammaja

Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, wani jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya yi haramar tashi zuwa Legas. Daga Jos ya zo, ya tsaya a Kano ya ɗebi ƙarin fasinja, ya zama mutum 77 ne a cikinsa har da ma'aikata. A lokacin ana gyaran babban titin tashi da saukar jirage, saboda haka gajeren titin aka ba shi, wanda ke fuskantar kudu maso yamma, wato cikin gari. Zafin bazara kuwa yana kan ganiyarsa.

Jirgin ya cinye titin kaf bai ɗaga ba. Ya zarce cikin ƙasa, ya tayar da ƙura, ya bugi fitilun da ke ƙarshen titin, sannan ya ɗaga da ƙyar. Injunansa biyu a baya suke, a gefen wutsiya, daidai inda ƙurar da tayoyi suka tayar za ta bi. Masu bincike sun gano cewa injunan sun zuƙi ƙurar, ƙarfinsu ya ragu, jirgin ya kasa ƙara gudu kuma ya kasa hawa. Bai yi nisa ba ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, unguwar da gidan Mambayya yake, gidan Malam Aminu Kano, mutumin da filin jirgin ke ɗauke da sunansa. Wuta ta tashi a cikin lunguna.

Rahotannin farko sun ce mutum 148 ne suka rasu. Adadin da bincike ya tsaya a kai shi ne 103: mutum 73 a cikin jirgin, 30 a ƙasa, waɗanda ajali ya same su a cikin unguwar. Cikin fasinjojin har da ministan wasanni, Ishaya Mark Aku, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa kallon wasan sada zumunta tsakanin Najeriya da Kenya a Legas. Shugaba Olusegun Obasanjo ya katse ziyarar da yake yi a waje, aka yi zaman makoki na ƙasa, ministar sufurin sama Kema Chikwe ta dakatar da jiragen BAC 1-11, daga baya kuma aka sa doka a kan shekarun jiragen da za a riƙa shigowa da su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Injunan wannan jirgi ba mutuwa suka yi ɗungurungum ba, rauni suka yi. Amma a tsayin da yake, raunin da mutuwar kusan ɗaya ne, domin babu sararin da matuƙi zai yi wata dabara. Zafin ranar ma ya taimaka. Kano tana bisa tudu, kusan mita 480 sama da teku, kuma iska mai zafi ba ta da kauri: inji ba ya samun abin da zai zuƙa sosai, fukafukai ba sa samun abin da za su dogara a kai. Jirgin da titi zai ishe shi da sanyin asuba a watan Janairu yana iya neman ƙarin ɗaruruwan mitoci da azahar ɗin watan Mayu.

Abin da ke mutuwa tare da inji

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar injuna sun tsaya, jirgi zai rikito kai tsaye. Ba haka ba ne. Fukafukai ne ke ɗauke da jirgi, aikin inji shi ne tura shi gaba domin iska ta ci gaba da bin fukafukan. Idan injin ya mutu, matuƙi yana da wata hanyar samun gudu: ya ɗan sunkuyar da hancin jirgin, ya riƙa sayar da tsayi yana sayen tafiya. Jirgin fasinja na zamani yakan yi gaban mita 15 zuwa 17 a duk mita ɗaya da ya sauko. Wanda yake can ƙololuwa, ƙafa 35,000, yana da tafiyar kilomita 150 ko fiye a hannunsa, da kusan minti ashirin. Wannan ya kai tazarar Kano zuwa Katsina ta sama. Wanda kuwa bai wuce ƙafa 1,000 ba, kamar jirgin da bai daɗe da barin titi ba, abin da ya rage masa kilomita huɗu ne ko biyar, da kimanin minti ɗaya.

Kuma tura jirgi gaba ɗaya ne kawai daga ayyukan inji. Shi ke juya janaretocin da ke ba da lantarki ga allunan da matuƙi ke karantawa da rediyon da yake magana da hasumiya. Shi ke juya famfunan haidirolik, waɗanda ke motsa sassan fukafukai da wutsiya, su sauke tayoyi, su kama birki. Daga jikinsa ake ɗibar iskar da fasinja ke shaƙa. Duk wanda ya yi aiki a masaƙa ko kamfanin roba a Sharaɗa ya san abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta tsakiyar aiki: fitila da fanka da famfon ruwa da injin kansa duk a lokaci guda suke yin shiru, kowa ya zuba ido ya ji ko janareto zai karɓa. Haka ɗakin matuƙa yake komawa, sai dai shi yana saukowa ƙafa dubu biyu kowane minti yayin da ake jiran.

Masu ƙera jirage sun tanadi madadin. Akwai batir, wanda kan riƙe muhimman na'urori na kusan rabin awa. Akwai ƙaramin inji a cikin wutsiya, wanda ke ba jirgi wuta da iska idan yana ajiye a ƙasa, kuma ana iya tayar da shi a sama, muddin akwai mai a tanki. Jiragen Airbus da yawancin manyan jiragen Boeing suna da wata 'yar farfela da ke faɗowa daga cikin jirgin, iska ta riƙa juya ta, ta samar da ɗan abin da zai isa a juya jirgin. Boeing 737, wanda ya daɗe yana ɗaukar mafi yawan fasinjojin cikin gida a Najeriya, ba shi da wannan farfelar. Abin da yake da shi igiyoyin ƙarfe ne da suka haɗa sitiyari da fukafukai, ta yadda matuƙi zai iya juya shi da ƙarfin damtse ko da haidirolik ya tafi. Yana juyuwa, amma da nauyi.

Farkon abin da matuƙa ke nema shi ne su sake tayar da injin, kuma wani lokaci yana tashi. Ranar 24 ga Yuni, 1982, wani Boeing 747 na British Airways ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indonesiya cikin dare, injunansa huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kyaftin Eric Moody da abokan aikinsa suka yi ta gwadawa suna saukowa, har suka fita daga cikin tokar, injunan suka kama, suka sauka lafiya a Jakarta. Tsayi ne ya ba su damar yin ta gwadawa. Tayar da inji da iska kawai yana buƙatar gudu mai yawa, gudun kuma da tsayi ake biyansa. Idan injin bai tashi ba, an yi asarar kilomitocin da wataƙila su ne za su kai jirgin fili. Wannan shawara a cikin daƙiƙoƙi ake yanke ta.

Sauka ɗaya, babu ta biyu

A saukar yau da kullum, matuƙi yana wasa da ƙarfin inji har ƙafafun jirgi su taɓa ƙasa. Idan ya ga ya yi ƙasa da yawa, ya ƙara wuta. Idan ya ga abin bai yi masa ba, ya ba injuna wuta gaba ɗaya, ya tashi, ya zagayo ya sake. Fasinjojin Kano sun san wannan a lokacin hazo. Wanda ba shi da inji an ƙwace masa duka biyun. Idan ya gaza kaiwa titi, ya gaza ke nan. Idan ya iso da tsayi fiye da kima, zai wuce titin ta sama, ko ya dira a ƙarshensa da gudun da birki ba zai riƙe ba, ga shi kuma babu juya ƙarfin inji baya, wannan ƙarar da fasinja ke ji bayan an dira, wadda ke taya birki tsayar da jirgi.

Akwai kuma tarkon da ya fi kowanne cin mutane. Idan matuƙi ya hango titi, ya ga kamar ba zai kai ba, zuciyarsa za ta ce masa ya ɗaga hancin jirgin ya ƙara ja. Ɗaga hanci yana rage gudu, kuma idan gudu ya ragu ƙasa da wani mizani, iska takan saki fukafukan, jirgin ya zube. Akwai gudu guda da ke ba jirgi tafiya mafi nisa, ya danganta da nauyinsa. Dole a riƙe shi ko da ido na ganin rufin gidaje yana matsowa. Sauke tayoyi da buɗe faffaɗan fukafukai na sauka su ma ciniki ne: suna rage gudun dira, amma suna cin nisan da ya rage ƙwarai. Wanda ya sauke su da wuri ba zai kai ba, wanda ya makara zai dira a kan ciki.

Waɗanda suka yi nasara, kowannensu akwai abin da ya taimake shi ban da ƙwarewa. A ranar 23 ga Yuli, 1983, wani sabon Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai a tsayin ƙafa 41,000, saboda an yi kuskuren lissafi tsakanin fam da kilo, aka zuba masa ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Kyaftin Bob Pearson ya saba tuƙa ƙananan jirage marasa inji a lokacin hutunsa. Mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya taɓa aikin soja a wani tsohon sansani da ke Gimli, ya tuna akwai titi a can. Da suka iso sun yi sama da yawa, sai Pearson ya karkata jirgin ya riƙa saukowa a kaikaice domin iska ta ci masa tsayi, dabarar da ba a saba yi da manyan jirage ba. Titin ma an riga an mayar da shi wurin tseren motoci, da iyalai a gefe. Ƙafar gaba ta koma ciki, jirgin ya ja hanci a ƙasa ya tsaya, mutum 69 suka fito da rai.

A ranar 24 ga Agusta, 2001, wani Airbus A330 na Air Transat, ɗauke da mutum 306 daga Toronto zuwa Lisbon, ya zubar da mansa a tsakiyar Tekun Atalantika. An sa masa wani sashe da bai dace ba lokacin canjin inji, bututun mai ya yi ta gogar na haidirolik har ya fashe. Kyaftin Robert Piché ya yi tafiyar kusan kilomita 120 ba inji, ya kai sansanin Lajes a tsibiran Azores, ya yi zagaye guda domin rage tsayi, ya dira da gudun da ya fasa tayoyi takwas. Ba wanda ya rasu.

Wanda duniya ta fi sani shi ne na Kogin Hudson, ranar 15 ga Janairu, 2009. Airbus A320 na US Airways ya tashi daga LaGuardia a New York, ya yi karo da garken dinya a tsayin da bai kai ƙafa 3,000 ba, injuna biyu suka lalace. Daga karon zuwa dirar ruwa minti uku da rabi ne. Kyaftin Chesley Sullenberger ya kunna ƙaramin injin wutsiya nan take, tun kafin takardar matakan gaggawa ta kai ga wannan layin, abin da ya sa lantarkin jirgin bai tafi ba. Takardar kanta an rubuta ta ne don jirgin da ke can sama da lokaci a hannu, mataimakinsa Jeffrey Skiles bai ko kai ƙarshenta ba. Daga baya an gwada lamarin a na'urar kwaikwayon tuƙi: matuƙan da suka juya nan take, da yawansu sun kai filin jirgi, amma da aka ƙara daƙiƙa 35, wato lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai ba. Mutum 155 suka tsira domin a tsakiyar birnin akwai kogi mai faɗi, ga jiragen ruwa na fito a kusa.

A lura da abin da ya haɗa su: biyu suna da tsayi mai yawa, na ukun yana da wurin dira. Inda aka rasa duka biyun, labarin yakan zama irin na Gwammaja. A Karachi, ranar 22 ga Mayu, 2020, Airbus A320 na kamfanin Pakistan ya gogi injunansa a titi a yunƙurin sauka na farko, ya sake tashi, injunan suka mutu yana zagayowa, ya faɗa cikin unguwar Model Colony. Mutum biyu kaɗai suka tsira daga cikin 99.

Namu na gida

Shekara goma sha ɗaya kafin Gwammaja, ranar 26 ga Yuni, 1991, wani BAC 1-11 na kamfanin Okada ya nufo Kano, yanayin damina ya hana shi sauka, ya karkata zuwa Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 350. Bai samu dira a filin Sakkwato ba har man ya ƙare, matuƙan suka ajiye shi a fili a wajen gari. Sama da mutum hamsin ne a ciki, an rasa rayuka kaɗan, mafi yawa suka fita da ransu. Samfurin jirgi ɗaya da na EAS, kuma nasa injunan mutuwa suka yi gaba ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne wannan daji ya tarar a ƙasa, wancan ya tarar da unguwa.

Irin haka ta faru a Tamanrasset ta Aljeriya ranar 18 ga Satumba, 1994, da jirgin Oriental da ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga Tunis. Sun yi ta ƙoƙarin sauka cikin rashin gani sosai har mai ya ƙare. Mutum biyar suka rasu, har da 'yan wasa biyu. Ƙa'idar duniya ta ce jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin idan wancan ya gagara, da na ƙarin minti talatin wanda ba a taɓawa sai rai ya kai ga wuya. A Arewa, inda filayen jirgi ke nesa da juna, ga hazo a hunturu ga hadari a damina, wanda ya tsaya a kan mafi ƙarancin abin da doka ta ce yana wasa da rayukan mutane.

Mafi ciwo shi ne na kamfanin Dana. Ranar Lahadi 3 ga Yuni, 2012, jirgin MD-83 ya tashi daga Abuja zuwa Legas da mutum 153. Rahoton ƙarshe na hukumar binciken haɗurra, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa minti 17 da tashi injin farko ya daina amsa wuta. Matuƙan sun lura, sun tattauna, amma ba su buɗe takardar matakan gaggawa ba, ba su sanar da hasumiya ba, ba su kuma nemi fili mafi kusa ba. Suka ci gaba. Da suka zo gangaren Legas na biyun ma ya bi sahu, a lokacin da tsayin ya riga ya ƙare. Jirgin ya faɗa kan gine-gine a Iju-Ishaga, kilomitoci kaɗan kafin titi. Duk na ciki suka rasu, da mutum shida a ƙasa. Bututun mai ne suka tsage a cikin injunan. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya tashi, ya yi tafiya, ya sauka da inji ɗaya, amma ƙa'ida ita ce da zarar ɗaya ya tafi a sauka a fili mafi kusa, domin wanda ya rage ba shi da mataimaki. Waɗannan matuƙa suna da tsayi, suna da lokaci, suna da filaye a kan hanya. Shawarar ce ta zo a makare.

Shi ya sa ba na yarda a rufe irin wannan magana da cewa inji ne ya mutu. Mutuwar injuna duka abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, matuƙi yakan yi aiki har ya yi ritaya bai gan ta ba sai a na'urar horo. Idan ta faru kuma, kusan kullum akwai abu guda da ya haɗa injunan biyu: tanki ɗaya, makaniki ɗaya, garken tsuntsu ɗaya, ƙura ɗaya. Kuma yawancin waɗannan a ƙasa suke farawa. A watan Yulin 2023 hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da jiragen Boeing 737 na Max Air na wani lokaci, kuma cikin dalilan da ta bayar har da ruwan da aka samu a tankin man wani jirgi a Yola. A ƙasa aka gano shi. Da a sama ne, man da ke zuwa injin hagu shi ne ke zuwa na dama.

Abin da ke ƙarƙashin jirgin

A 1925 jiragen sojan Ingila suka fara sauka a Kano, a 1936 filin ya fara karɓar jiragen haya. A wancan zamani gonaki ne suka kewaye shi. Yau a tsaya a ƙarshen titin a duba: ta kudu da yamma Kurna, Rijiyar Lemo, Gwammaja, Fagge, Sabon Gari, sannan Dala da tsohon birni. Ta gabas Birged, Gama, Tudun Wada, Bompai da Dakata a ƙaramar hukumar Nassarawa. Ta arewa ma, wajen Jaba da Fanisau, gini yana ta cin gonakin da suka rage. Matuƙin da injunansa suka mutu minti ɗaya bayan ya tashi ta kudu maso yamma ba shi da Hudson. Kogin Challawa, mai faɗin yashi da rani, yana can kusan kilomita ashirin, nesa da abin da tsayinsa zai saya masa. Manyan titunan mota kuwa cike suke da turakun lantarki da gadojin sama da 'yan adaidaita. Filayen masana'antu daga sama kamar akwai sarari, amma a cikinsu akwai bututun hayaƙi, tankunan dizal da na gas, da rumbunan sinadarai.

Ba za a tashi Kurna ko Gwammaja ba, babu mai hankalin da zai nemi haka. Amma abin da ya rage na fili a daidai bakin titunan biyu, musamman ta arewa maso gabas, ana iya hana yanka shi fuloti. Wannan aikin gwamnatin jiha ne da hukumar tsara birni, KNUPDA, tare da hukumar filayen jiragen sama, FAAN. Doka ta riga ta ce duk mai kafa dogon ƙarfen sadarwa ko dogon gini kusa da filin jirgi sai ya sami izinin NCAA. A bi ta.

Sai tsuntsaye. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke tara tsuntsu a cikin kilomita 13 daga filin jirgi. A zana wannan da'irar a taswirar Kano: Bompai na ciki, Abbatuwa na ciki, kasuwar Sabon Gari na ciki, Sharaɗa ma na ciki. Rafin Getsi, wanda ke kwasar ruwan masana'antun Bompai ya kai Jakara, yana ciki. Duk bolar da aka bari a buɗe, duk tarkacen fata da na yanka da aka zubar a fili, gayyata ce ga shirwa da hankaka da balbela, ga shamuwa kuma idan damina ta kawo kai. Shirwa ɗaya tana iya lanƙwasa ruwan farfelar inji, garke kuwa yana iya cika injuna biyu a lokaci guda, kuma mafi yawan irin wannan karo a kusa da ƙasa yake faruwa, wajen tashi ko sauka, daidai inda matuƙi ba shi da tsayin da zai sayar. Mai kamfanin da ke zubar da shara a bayan katangarsa a Bompai wataƙila bai taɓa danganta ta da jirgin da shi kansa zai hau zuwa Legas ba. Alaƙar kuwa tana nan. Ƙungiyar masu masana'antu da hukumar kwashe shara, REMASAB, suna da hannu a lafiyar jiragen Kano fiye da yadda suke zato.

Ta fuskar matuƙa, Arewa ce ke da makarantar: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. Tun a ƙananan jirage malami kan rage wa ɗalibi wutar inji ba zato, ya ce ya nuna gonar da zai sauka. Abin da ake buƙata shi ne wannan ɗabi'ar ta bi matuƙi har cikin babban jirgi, a riƙa gwada shi a na'urar horo da taswirar filayenmu, da zafin Mayu, da gajeren titi. Kamfani kuma kada ya tuhumi kyaftin ɗin da ya ƙara mai, ko ya juya ya sauka a Kaduna saboda inji ya yi masa wani iri. Asarar kuɗin wannan rana ba ta kai ta Iju-Ishaga ba.

Fasinja ma yana da nasa. A saukar dole, mutane da dama sukan tsira daga bugun farko, hayaƙi da cunkoso su kashe su. An ƙera jirage ne a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, kuma mutum ɗaya da ya tsaya jawo jaka ya isa ya toshe hanya. Lokacin da jirgin Habasha da 'yan fashi suka karkatar ya ƙare da mai ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, ranar 23 ga Nuwamba, 1996, a kan hanyar da za ta bi ta Legas, mutum 125 suka rasu daga cikin 175, kuma da yawansu sun hura rigar ruwa tun suna ciki, ruwa ya danne su a rufin jirgin suka kasa fita. Bayanin da ke hana wannan shi ne wanda ma'aikatan jirgi ke yi kafin tashi, galibi da Turanci, ana hira ba a saurare.

Daga Kano dubban maniyyata ke tashi kowace shekara, da yawansu dattawa ne daga ƙauyuka, hawansu na farko ke nan. Ina kira ga hukumar alhazai, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, da kamfanonin da ke jigila daga filin Malam Aminu Kano, su mayar da bayanin ɗaure ɗamara, da yadda ake sunkuyawa a kare kai, da inda ƙofofin gaggawa suke, ya zama da Hausa a kowane tashi, kuma a fara koyar da shi tun a wajen bita.